Motar Ƙwanji, Tsohuwa da Sabuwa: Bayani Kafin a Ba Hammata Iska

Tun bayan girbi samarin Bici suke cikin wata muhawara a teburin mai shayi, muhawarar da ta fi ƙarfin aljihunsu nesa ba kusa ba. Wani ɗalibin kwalejin ilimi ta tarayya da ke garin ne ya jawo ta, ranar da ya nuna hotuna biyu a wayarsa: wata motar Amurka mai suna Dodge Challenger ƙirar 1970, da jikarta mai sunanta da aka fito da ita a 2008. Ya tambaya wacce ta fi. Nan take teburin ya dare biyu. Da yake babu wanda ya taɓa ganin ko ɗaya a cikinsu ido da ido, kowa ya yi magana da cikakken yaƙini, har wasu aminai biyu suka daina gaisawa. Shi ya sa na ga ya wajaba a yi wa jama'a bayani tun maganar ba ta kai gaban mai unguwa ba.

Amurkawa suna da wani jinsin mota da suke yi wa laƙabi da mai ƙwanji. Haɗa ta ba wuya. A samo mota matsakaiciya mai ƙofa biyu, a ɗauko injin da ya fi kowanne girma a kamfanin, mai silinda takwas, a cusa mata ko tana so ko ba ta so, a aika duk ƙarfin zuwa tayoyin baya. Masu bin tarihin abin sukan fara lissafi daga Pontiac GTO ta 1964. Challenger ta zo a makare, kuma mafi ƙarfi a cikin danginta tana ɗauke da injin da ake kira Hemi, mai cin lita bakwai. Aikin da irin wannan mota ta fi ƙwarewa a kai guda ɗaya ne. Ta tsaya a kan layi, a ba ta alama, ta zabura ta miƙe rubu'in mil, wato mita 402, sannan ta tsaya. Tafiyar ke nan. Mita 402 a ma'aunin Bici shi ne daga ƙofar gida zuwa masallacin unguwa, tazarar da dattijo mai dogara sanda yake yi sau biyar a rana ba tare da an tafa masa ba. In motar ta isa, ba ta sauke kowa, ba ta sauke komai. Direban sai ya juyo ya koma inda ya taso.

Da doki ake auna ƙarfin waɗannan motoci, kuma a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, domin ba dokin Sarki ake nufi ba. James Watt, wani injiniya ɗan Sikotlan, shi ya yaɗa wannan ma'auni a ƙarni na 18, don ya shawo kan masu aiki da dawakai su sayi injinsa na tururi. A lissafin da ake bi a Turai, ƙarfin doki ɗaya shi ne a ɗaga kilo 75 sama mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya. Ma'ana, dokin Bature ko cikakken buhun masara ba ya ɗagawa sai an ɗebe masa kwano goma. 'Yan dakon kasuwar Badume ba a taɓa ɗebe musu ko kwano ɗaya ba, sai dai su ba a rubuta musu lambarsu a ƙirji.

Challenger ta 1970 mai injin Hemi an rubuta mata doki 425. Ta 2008 ma da ta fito, doki 425 aka rubuta mata. Mai gaggawa zai ce an yi kunnen doki, a tashi. Ba haka ba ne. Kafin 1972 Amurkawa suna auna injin ne tsirara, ba tare da kayan da ake rataya masa a cikin mota ba, irin su matatar iska da cikakkiyar salansa. Daga baya suka koma auna shi da kayansa a jiki. Dawakan tsohuwar an ƙirga su ne ba sirdi ba linzami, kamar manomin da yake faɗin yawan damin da ya samu kafin a fitar da zakka a biya 'yan ƙwadago. Sabuwar ta fi ta, kuma ba ta tsaya nan ba. A 2015 aka fito da wadda ake kira Hellcat mai doki 707, a 2023 kuma aka yi wata mai 1,025. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ya san abin da doki ɗari yake yi wa fili, ya kuma san abin da yake bari a bayansa. To a Amurka mutum guda ne yake fita da 707 don ya sayo burodi.

Abin da ya kashe tsofaffin motocin ƙwanji shi ne ya haifi tamu, kuma wannan ne ɓangaren da masu muhawara ba su sani ba. A watan Oktoba na 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka daina sayar wa Amurka, farashin ɗanyen mai ya ninka kusan sau huɗu cikin 'yan watanni. Ga kamfanonin inshora sun tsauwala wa masu motocin gudu, ga dokar hana gurɓata iska ta matsa wa manyan injina. Shekarar 1974 ita ce ta ƙarshe ga Challenger ta fari. Faɗuwar wani tashin wani. Kuɗin man da ya fita daga aljihun Amurkawa, wani kaso nasa a Legas ya sauka. Aka yi ƙarin albashin Udoji, ma'aikata suka karɓi ariyas, kowa ya fara kallon kekensa da wani irin ido. A 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon, kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri cikin Kaduna. Daga can ne motar ƙwanjin ƙasar Hausa ta fito, wato 504, wadda ko yaro ya san Fijo ake ce mata.

An haife ta a Faransa a 1968, ta ci kambin motar shekara ta Turai a 1969, ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975, inda ake gudu cikin laka da duwatsu. Bayan kisan Janar Murtala a Fabrairun 1976, gwamnatin Obasanjo ta ce a rage faɗin rai, manyan jami'ai suka sauko suka shiga Fijo. Faransawa sun daina yin salun ɗinta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da yi har sama da shekara ashirin bayan haka, domin babu wanda ya aiko mana da labarin cewa ta tsufa. Injinta da aka fi sani a nan silinda huɗu ne, bai wuce lita biyu ba, dawakansa ba su cika ɗari ba. Ba'amurke zai ji wannan ya yi dariya. Kada a ga laifinsa, bai taɓa ganin dawakan suna aiki ba.

A Bici ba a tambayar mota gudu nawa take yi. Abin da ake tambaya shi ne me take ɗauka. Doguwar Fijo, wadda ake kira wagon, kamfani ya yi mata wurin zaman mutum bakwai, har a Sanagal ana kiran irinta mai gurbi bakwai. Da ta iso tashoshinmu, masana suka duba suka gano kuskure ne a lissafin Faransawa, suka gyara: biyu a gaba, huɗu a tsakiya, uku a baya. Ba a ƙirga yara, tunda a cinya suke. Shi ma direba ba a ƙirga shi cikakke, saboda kafaɗarsa ɗaya a waje take. Challenger kuwa, tsohuwa da sabuwa, ƙofa biyu gare ta. In za a kai amarya Saye da ita, sai an zaɓi tsakanin amarya da gwaggonta, kuma duk wanda ya san gwaggo ya san wa za a bari.

Sai ƙanwarta mai buɗaɗɗen baya, a-kori-kura. Kamfani ya rubuta cewa za ta ɗauki tan ɗaya da 'yan kai. A nan an fahimci wannan a matsayin mafi ƙarancin abin da ya kamata a ɗora mata kafin ta yarda ta motsa. Ranar da aka sayo ta ake fara kai ta wurin mai walda ya ƙara mata sifirin ya ɗaga mata bodi. Tsarin lodi kuma sananne ne, ba a saɓa shi. Buhunan gero da dawa a ƙasa, kwandunan tumatir a kansu, masu tumatir a kan gefen kwanduna, awaki a hannun masu tumatir, yaron mota kuma a wani wuri da har yanzu ilimi bai tantance ba. Ana gane lodi ya yi idan fitilun gaba suka bar titi suka koma haska rassan darbejiya. A haka za ta kama hanyar Kano ta sauke a Dawanau, ta juyo da taki da kwanon rufi. Idan wani ya ce wannan ba ƙwanji ba ne, a tambaye shi me ƙwanji yake nufi a gidansu.

Ita ma tamu an yi mata jika. A 2020 kamfanin Peugeot ya fito da wata sabuwar mai buɗaɗɗen baya mai suna Landtrek, wadda ya ƙera tare da kamfanin Changan na ƙasar Sin, yana tuna wa mutane cewa daga zuriyar 404 da 504 take. A 2022 kuma kamfanin haɗin gwiwa na Dangote da Peugeot, wato DPAN, ya fara harhaɗa motoci a Kaduna. Landtrek mai shan gas tana da doki 150, mai shan fetur 210. Tana da na'urar sanyaya wuri, tana da allo a gaban direba kamar na waya. Tana da jakar iska da ke fitowa ta tare mutum in an yi karo, da birkin da ba ya ƙulle taya. Wannan ba abin wasa ba ne. Babu unguwar da ba ta da gidan da aka yi zaman makoki saboda tsohuwar mota mai lodi fiye da kima a hanyar Kano zuwa Katsina, kuma abin da yake tsakanin fasinjan wagon da gilashi shi ne addu'ar da ya yi a tasha. Duk abin da ake iya rubutawa a takarda, sababbin sun fi tsofaffin, a can da nan.

Matsalar ita ce a Bici mota ba a takarda take kwana ba. A gindin darbejiya take kwana, wurin bakanike.

Tsohuwar mota ba ta da sirri. In ka ɗaga bonet, ga kabireto, ga filogi, ga fanbel, ga lagireto, kowa a zaune a wurinsa kamar 'yan majalisar hakimi, har da filin da yaron gareji zai shiga ya tsuguna. Bakanike ba ya buɗe ta ma sai ya saurara. Ya ce a ba ta wuta, ya karkata kai, ya ce, "Alhaji, mai ne ba ya zuwa." Sai ya cire tiyo ya zuƙa da baki ya tofar, gwajin da ba ya bukatar lantarki. Magani kuma hawa-hawa ne. Ana farawa da waya, in ta ƙi a koma robar tsohon tib, in tanki ne yake yoyo a shafa sabulu. Sai duk waɗannan sun gaza ake tura yaro Ƙofar Ruwa a Kano ya sayo kayan gyara, ya dawo kafin la'asar. Mota ɗaya tana ciyar da bakanike da mai walda da mai faci da mai gyaran waya da mai sayar da baƙin mai, ban da yaran da suke ƙarƙashin kowannensu. Wata a-kori-kurar da na sani, iyalan da take riƙe da su sun fi na mai ita yawa.

Motar zamani, ko wace iri ce, tana da ƙwaƙwalwa, kuma duk mai ƙwaƙwalwa yana da abin da yake ɓoyewa. In ka ɗaga bonet ɗinta, baƙar roba za ka gani an lulluɓe komai, kamar amarya ranar buɗar kai. In wani abu yana damunta ba ta tari, ba ta atishawa. Wata 'yar fitila kawai za ta kunna ta yi shiru. Ba ta faɗin ciwonta sai ta bakin tafinta, wato wata na'ura da ake jona mata, ita kuma na'urar da lambobi take magana. Bakaniken da ya shekara talatin yana saurare sai ya karkata kai bai ji komai ba. Ya zagaya ta sau biyu, ya goge hannu da tsumma, ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan sai Kano." Gaskiya ne ba ta cika lalacewa ba. Amma ranar da ta tsaya a Danzabuwa, ta tsaya.

Batun ƙara ma ya kamata a taɓa shi, domin rabin ƙwanji a kunne yake. Tsohuwar Challenger tana ruri saboda silinda takwas suna ƙona mai. Da kamfanin Dodge ya fito da Charger Daytona mai aiki da lantarki a 2024, sai aka ga tana da gudu amma shiru take kamar mai bin bashin suruki. Injiniyoyi suka zauna suka ƙera mata wata na'ura mai lasifika a baya, wadda take kwaikwayon rurin injin da babu shi. An kashe kuɗi masu yawa a wannan bincike. Da sun aiko Bici da an sauƙaƙe musu. A nan ana samun sakamako iri ɗaya ta hanyar cire salansa, ko a yi haƙuri ta faɗi da kanta a hanyar Kwamarawa. Ƙarar kuma tana da amfani ga jama'a: tun motar tana bayan gari matan gida suke sanin ta wane ce, su ɗora ruwan tuwo.

Sannan akwai kunya. Ƙasar Bici babu inda ba a nomawa, gona tana jingine da gona, hanyar da aka bar wa mota tsakaninsu ba ta wuce faɗin amalanke ba, da damina kuma sai ta zama rafi. Wanda zai ɗauko amfani dole ya shiga har cikin gona ya haye kunya bayan kunya. Fijo an yi ta da tsayin ƙafa da sassaucin gwiwa, tana hawa tana sauka kamar raƙumi. Ita ma Landtrek ta gaji wannan, ba a ƙwace mata ba. Challenger kuwa cikinta a ƙasa yake, kusan tana shafar titi. Kunyar farko za ta hau ta zauna a kai, tayoyi suna juyawa a iska, dawakai 707 suna haniniya babu inda za su. Masu ilimi sun yi saɓani a kan ko kunyar gona ce ta riƙe ta ko ɗaya kunyar. Ni ina ganin duka biyun ne. Fitar da ita zai bukaci shanun huɗa guda biyu, waɗanda ba su da lamba a takarda.

A kan shan mai ba za a daɗe ba, tunda magana ce mai sa hawan jini. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin mai a Nijeriya. A watan Disamba na shekarar kamfanin Dodge ya daina ƙera Challenger. Ba mu da hujjar cewa ɓangarorin biyu sun yi shawara. Fijo ma ba ta azumi, amma direbobinta sun daɗe da gano mafita: jarka a gefen ƙafa da tiyo zuwa injin, don mutum ya riƙa ganin dukiyarsa tana tafiya da idonsa, sai kuma kashe mota a kowace gangara. Mai Challenger da zai tsaya gaban ɗan bumburutu ya ce a zuba galan ɗaya, kafin ya karɓi canji sai a sake zubawa.

Bambanci mafi girma sai bayan tsufa yake fitowa. A 2023 an yi gwanjon wata Challenger ƙirar 1970 a Amurka a kan sama da dala miliyan ɗaya. Masu sayen irin waɗannan ba sa hawa kasuwa da su. Ɗaki ake gina musu, a lulluɓe, a riƙa leƙawa ana gogewa. A Bici motar da aka ajiye ba ta aiki sunanta akurki, kuma kaji ba sa jiran a ba su izini. A-kori-kura kuwa in ta gama, rabon gado ake yi. Kujeru su tafi zaure. Sifirin ya tafi maƙera ya dawo a matsayin gatari da adda. Tayoyin da suka siɗe su zama takalma da guga. Gindinta na baya da ƙafafunsa a ɗora masa katako ya zama amalanke, a ɗaura wa bijimai biyu, ta ci gaba da kai taki gonar da ta saba zuwa. Ta sauka daga doki tamanin da wani abu zuwa sa biyu, amma waɗannan ana iya ganinsu a ƙirga, kuma in sun gaji ana sayar da su da riba.

Na kai wannan bayani teburin mai shayi da daren Laraba, na karanta musu shi daga farko har ƙarshe. Masu goyon tsohuwar Challenger suka ce na tabbatar da maganarsu. Masu goyon sabuwar suka ce tasu na tabbatar. Ana cikin haka wani dattijo mai a-kori-kura ya leƙo daga bakin titi. Ya ara wa maƙwabcinsa batir don lasifikar walimar suna, ga shi an yi masa lodin gero zuwa Dawanau.

"Samari, ku taimaka wa babanku da hannu."

Mutum shida suka miƙe, uku daga kowane ɓangare, har da aminan nan biyu da ba sa gaisawa. Suka dafa bodi. Baba ya sa giya ta biyu ya taka kuloci, ya leƙo ta taga yana cewa su ƙara kaɗan, ta kusa. Wajen mita arba'in ta yi tari sau biyu ta kama, hayaƙi ya rufe su, suka bi ta da gudu suna ihu har suka sha kwana. Mai shayi ya tsaya da ludayi a hannu yana jiran su dawo. Kofi shida da burodi uku, babu wanda ya biya.